Yadda Sarki Henri na 8 ya rushe gidajen zuhudu a Ingila, da abin da ya samu littattafan tarihinsu

Jama'a assalamu alaikum. Akwai wani kango, ga dogayen bango ga manyan tagogi amma cocinsa babu rufi, sunansa Fountains Abbey, yana yankin Yorkshire a arewacin Ingila. An kafa shi a 1132, kuma sama da shekara 400 Kiristoci masu zaman zuhudu ne ke rayuwa a ciki, suna ibada suna kiwon tumaki suna sayar da ulu har sai da gidan ya zama ɗaya daga cikin mafi arziki a ƙasar. Irinsa suna nan birjik a Ingila da Wales, akwai Rievaulx, akwai Whitby a bakin teku, akwai Tintern, akwai Glastonbury. Ba yaƙi ne ya ci su ba fa, ba girgizar ƙasa ba ce, hukuma ce da kanta ta sa aka kware musu rufi, kuma cikin shekara huɗu kacal aka gama.

Abin ya samo asali ne daga rigimar Sarki Henri na 8 da Fafaroma kan batun rabuwa da matarsa ta fari, Katarina. Roma ta ƙi raba auren, shi kuma a 1534 ya sa majalisa ta yi doka cewa shi ne shugaban cocin Ingila. To daga nan sai ido ya koma kan dukiya, don gidajen zuhudun nan sun haura 800 kuma filaye da gonakin da ke hannunsu ba kaɗan ba ne. Na hannun damansa Thomas Cromwell ya tura mutane a 1535 suka bi gida gida suna rubuta kuɗin shigar kowanne. A 1536 aka fara da ƙananan, duk gidan da kuɗin shigarsa bai kai fam 200 a shekara ba a rufe shi. Mutanen arewa suka yi bore a wannan shekarar, dubban mutane suka fito, sarki ya lallashe su da alkawura suka watse, daga baya ya kama jagoransu Robert Aske aka kashe shi a York a 1537. Shugaban gidan Glastonbury kuwa, Richard Whiting, tsoho ne tukuf, a 1539 aka ja shi kan tudun da ke bayan garin aka rataye shi. Zuwa watan Maris na 1540 gida na ƙarshe, Waltham, ya miƙa wuya.

Me ya sa babu rufi? Saboda da dalma aka lulluɓe rufin, ita kuwa dalma kuɗi ce, ma'aikatan sarki suna zuwa ita suke fara ɓamɓarewa su narka ta nan take, wani lokacin ma da katakon cocin ake hura wutar, a sauke ƙararrawa a tafi da ita, sauran duwatsun kuma a sayar ko mutanen gari su riƙa ɗiba suna gina gidajensu. Da zarar an cire rufi ai ruwan sama da sanyi sun isa su ƙarasa aikin.

Ni dai abin da ya fi ci min rai a labarin nan littattafan ne. Ku tuna kafin injin buga littafi ya iso Ingila a wajajen 1476, komai da hannu ake rubutawa a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya, littafi ɗaya babba sai ya ci fatun dabbobi ɗaruruwa da aikin shekaru, kuma a gidajen zuhudun nan ake rubutawa ake ajiyewa. Kamar dai yadda a wajenmu za ka tarar tsofaffin rubuce-rubucen gari suna hannun gidajen malamai a cikin gafaka, idan gidan ya watse to sun watse. Malamin da ake kira uban tarihin Ingila, Bede, ɗan zuhudu ne a Jarrow, a can ya kammala tarihinsa a 731. Kundin nan na shekara-shekara da ake kira Anglo-Saxon Chronicle, wanda aka fara a zamanin Sarki Alfred a ƙarni na 9, 'yan zuhudu ne suka yi ta kwafa suna ƙarawa, na gidan Peterborough har 1154 ana rubuta shi. Wato duk abin da Turawan Ingila suka sani game da farkon ƙasarsu, mafi yawansa a waɗannan ɗakunan yake.

Da aka watsa gidajen babu wani shiri na kirki da aka yi wa littattafan. Akwai wani John Leland da sarki ya ba izinin zagaya ɗakunan karatun tun 1533, ya ga abubuwa da yawa ya rubuta sunayensu, an kwashi wasu zuwa fadar sarki, amma ɗan kaɗan ne. Sauran fa? Wani malami John Bale, wanda shi kansa ɗan Furotesta ne mai zafi kuma ba ya ƙaunar 'yan zuhudu ko kaɗan, a 1549 ya rubuta yana kuka da abin da ya gani, ya ce waɗanda suka sayi gidajen suna yage littattafan suna goge takalma da mazaunin kyandir, wasu suna sayar wa 'yan tireda da masu sabulu su naɗe kaya, wasu kuma jirgi guda ake cikawa a kai ƙetare wajen masu ɗinkin littafi. Har ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya sayi littattafan ɗakunan karatu biyu a kan sule 40, ya shekara goma yana naɗe kaya da su kuma ba su ƙare ba. Har gobe masu bincike suna buɗe bangon wani tsohon littafi su tarar an yi masa ciko da guntun rubutun da ya girme shi da shekara ɗari biyar ko fiye.

Abin da ya tsira, mutane ƙalilan ne suka bi suka tsinto. Na farko Matthew Parker, wanda ya zama Akbishop na Canterbury, wato babban limamin cocin Ingila, a 1559 zamanin Sarauniya Elizabet ta 1. Shi yana da manufarsa, so yake ya nuna da hujja cewa cocin Ingila tun asali tana da 'yancinta ba sai da Roma ba, don haka ya baza mutane suna nemo masa tsofaffin rubuce-rubuce. A hannunsa kwafi mafi tsufa na kundin Anglo-Saxon ɗin nan ya faɗo. Da zai bar wa kwalejin Corpus Christi da ke Kambirij tarin nasa sai ya gindaya sharaɗi mai tsauri, duk shekara a zo a ƙirga, idan aka tarar sun yi sakaci littattafai sun ɓata fiye da adadin da ya yanka, to a kwashe duka a ba wata kwalejin. Wallahi wannan dabarar ta yi aiki, littattafan suna nan a wajen har yau.

Amma Parker yana da nasa laifin, kuma babba ne. A 1574 ya buga tarihin rayuwar Sarki Alfred wanda wani limami mai suna Asser ya rubuta tun sarkin yana raye, sai ya ɗebo abubuwa daga wani kundin daban ya cusa a ciki ba tare da ya bambance ba. Labarin nan da kusan kowane yaro a Ingila ya sani, wai Alfred yana ɓuya daga mayaƙan Viking, wato mahara daga arewacin Turai, a bukkar wata mata ta bar masa gurasa a wuta ya duba mata, hankalinsa ya tafi ta ƙone ta balbale shi da faɗa, to Asser bai rubuta shi ba, cikin abin da Parker ya ƙara ne.

Na biyu shi ne Robert Cotton, wanda ya rasu a 1631. Shi tarinsa ya ma fi yawa, yana da biyu daga cikin kwafi huɗu da suka rage na Magna Carta, wato takardar yarjejeniyar 1215 da ta taƙaita ikon sarki, yana da Linjilar Lindisfarne, yana da kwafi ɗaya tilo na tsohuwar waƙar Beowulf, kuma tsohon kwafin littafin Asser ɗin can shi ma hannunsa ya dawo. Kusan kowace kanta ya ɗora mata mutum-mutumin kan wani sarkin Rum, shi ya sa har yanzu lambar littattafan take farawa da Nero ko Otho ko Vitellius. Jikansa ya bar wa ƙasa tarin, aka yi ta yawo da shi har aka ajiye a wani gida mai suna Ashburnham House a Westminster, sai ranar 23 ga Oktoba 1731 gobara ta tashi. Mutane suka riƙa fasa kantoci suna jefo littattafai ta taga. Cikin kundi 958, sama da 200 wuta ko ruwa ya taɓa, ita fata kuwa idan ta ji zafi ƙanƙancewa take ta dunƙule. Beowulf ya tsira da ƙonannun gefuna. Littafin Asser, kwafi ɗaya tak da ya rage daga wancan zamanin, ya ƙone. Shi ya sa yau duk mai son ya rarrabe maganar Asser da ƙarin Parker sai dai ya dogara da kwafe-kwafen da aka yi kafin gobarar.

Ragowar aka kai gidan tarihi na British Museum da aka kafa a 1753, ƙonannun guntayen suka daɗe a jibge ba mai taɓawa, sai a ƙarni na 19 wani ma'aikaci Frederic Madden ya sa aka riƙa jiƙa su ana miƙar da su a hankali, ana manna kowane a cikin firam na takarda, ana gano wane guntu na wane littafi ne, da yawa da aka ɗauka sun tafi har abada ta haka aka dawo da su. Yanzu suna British Library a Landan, wasu an ɗauki hotonsu da fitila ta musamman mai fito da tawadar da ido ba ya iya gani a wuraren da suka ƙone.