Buga Takarda Daga Nesa: Me Ya Sa Firinta Ke Ƙin Amsawa?

Assalamu alaikum jama'a. A ce babban shago yana cikin garin Gombe, kwamfutar lissafi tana can, kai kuma kana reshen Bajoga. Ka shiga waccan kwamfutar ta intanet, allonta na gabanka, kana so takardar kaya ta fito a firintar da ke kan teburinka. Ka danna, shiru. Ko kuma ta fito a Gombe, inda ba mai jiranta.

Ga dalili. Manhajar shiga kwamfuta daga nesa hoton allo take kawo maka, ta kai abin da ka danna. Kwamfutar Gombe ba ta san da firintar Bajoga ba sam. Don haka manhajar kan girka wata firinta ta jeka-na-yi-ka a can. Idan ka zaɓe ta, sai ta naɗe takardar cikin fayil, ta turo ta intanet, kwamfutarka ta miƙa wa firinta ta gaske. Duk inda wannan sarƙa ta tsinke, takarda ba za ta fito ba.

Mu fara da Remote Desktop na Windows. Kwamfutar da za a shiga dole Windows ɗinta ya zama nau'in Pro, Enterprise ko Education. Windows Home na iya shiga wata, amma ba a shigarta ta wannan hanya, kuma kwamfutoci da yawa da Home suke zuwa, sai a duba. Kafin ka haɗa, buɗe "Show Options", ka je "Local Resources", ka sa alama a kan "Printers". Idan ka shiga, za ka ga sunan firintarka da kalmar "redirected" da wata lamba a gefe. Ita za ka zaɓa. Tun daga Windows Server 2008 akwai Easy Print, wanda ke turo takarda a tsarin XPS, wani nau'in fayil mai kama da PDF, saboda haka ba sai an sa direban firintarka, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita, a Gombe ba. In sunan bai bayyana ba, duba ko Print Spooler, sashen Windows mai jera takardun da za a buga, na aiki a kwamfutocin biyu, sannan ka tambayi mai kula da kwamfutocin ofis, domin akwai dokar saitin Windows da ke rufe wannan hanya gaba ɗaya.

AnyDesk da TeamViewer, wasu manhajojin shiga kwamfuta daga nesa, kowanne da direbansa na musamman, kuma sai da izinin admin, mai cikakken iko a kan kwamfutar, ake girka shi. Chrome Remote Desktop kuwa ba shi da buga takarda daga nesa, kada ka ɓata lokacin nema. Google Cloud Print da ake jingina da shi a da an rufe shi a ƙarshen 2020.

Inda aka fi shan wahala shi ne idan na'urorin biyu ba iri ɗaya ba ne. Windows na da nasa tsarin buga takarda, Mac da Linux kuma wani tsari mai suna CUPS suke amfani da shi. XPS na Microsoft ne, Mac bai saba da shi ba. Shi ya sa manhaja za ta ce tana aiki a Windows, Mac, Linux da Android, kuma ba ƙarya ta yi ba, amma ganin allo take nufi. Buga takarda sai ka duba takamaimai: daga wace na'ura, zuwa wace na'ura. Windows zuwa Windows ne ya fi tafiya lami lafiya. Da waya kuwa, kada ka sa rai sosai.

Ko takarda ta fito, akwai sauran rina a kaba. In gefe ya yanke, duba girman takarda: mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297, amma Windows mai saitin Amurka Letter yake zaɓa, wajen 216 da 279. In ta daɗe a hanya, duba kaifin bugu, wato dpi, yawan ɗigo a kowane inci. Shafin A4 a dpi 600 ɗigo kusan miliyan 35 ne, a dpi 300 kuma bai kai miliyan 9 ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma ya ishi takardar lissafi, musamman da data ta waya.

Ƙananan firintocin rasit masu faɗin milimita 58 ko 80 su ne masu taurin kai. Umarni suke karɓa kai tsaye, irin su ESC/POS, har da na yanke takarda da buɗe akwatin kuɗi. Idan aka mayar da rasit XPS, waɗannan umarni kan ɓace. Maganinsa a sa direban firintar iri ɗaya a ɓangarorin biyu, a hana Easy Print shiga gaba.

In kana sauri, kwastoma na tsaye, zaɓi "Microsoft Print to PDF" da ke cikin Windows 10 da 11, ka adana fayil ɗin, ka ɗauko shi ta wurin tura fayil na manhajar, ka buga a Bajoga. Wannan na aiki ko Mac ne a hannunka ko waya. Ka tuna ka goge fayil ɗin bayan bugawa idan akwai bayanan kuɗin mutane a ciki.