Yaron kwamfuta da maganar ƙarin albashi

Assalamu alaikum jama'a, yau da ku nake masu aikin kwamfuta a ofis, musamman nan Gusau. Wanga aiki namu ranar da komai ke tafiya lafiya ba mai tuna ka, amma bari intanet ya yanke ko firinta ta cije takarda, sai ka ji ana ƙwala kira daga saman bene, ina yaron kwamfutar nan ne? Oga bai ganin aikinka sai ya lalace, to ta ina zai ƙara maka kuɗi?

Samu ɗan littafi, ko a waya ma. Duk abin da ka gyara rubuta shi da kwanan wata, misali kwamfutocin da aka jibge a sito ana cewa sun mutu ka sa musu SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da ƙarin RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, suka tashi, je ka tambayo kuɗin sabuwa a kasuwa ka rubuta a gefe, wannan kuɗin kai ka tsare wa ofis ai. In wata shida ya cika ka nemi ganin oga shi kaɗai, ba a bakin mota yana sauri ba, kuma kafin a rufe kasafin kuɗin shekara. Kar ka fara da kukan tsadar shinkafa, shi ma yana saye. Ka ce ranka ya daɗe ga abin da na yi, ga adadin da nake nema, sai ka yi shiru. Shirun nan da wuya wallahi, amma ka daure shi ya fara magana.

Sannan a daina zama mai gyaran komai har da rimot ɗin AC. Kama fanni ɗaya. In harkar netwok ce, wato haɗa kwamfutoci da juna, akwai takardar shaidar ƙwarewa ta CCNA ta kamfanin Cisco, jarrabawar dala 300 ce, takardar na aiki shekara 3. Da zafi a aljihu, shi ya sa in oga ya ce ba kuɗin ƙari yanzu sai ka ce to ofis ya biya maka ita.

Masu ɓoye fasawod don kar a iya yi ba su, ku ji nan, wanda ba mai riƙe masa kujera ba a ɗaga shi sama. Koya wa ɗan bautar ƙasar da aka turo muku, ka rubuta masa yadda ake kunna saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, in wuta ta dawo, ko hutun sallah ka samu ka je Kaura Namoda ba a kira ka ba.