Idan asibitin ma ya rushe, ina likita zai dosa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Da an ce girgizar ƙasa ko ambaliya ta afka wa gari sai kowa ya nufi asibiti, mun manta shi ma asibitin gini ne, likitan da ke ciki kuma ɗan garin ne, wataƙila nasa iyalin ma suna ƙarƙashin ɓaraguzai.

Ku tuna girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 da ta ci rayuka sama da 50,000. A birnin Iskenderun na Turkiyya wani ɓangaren asibitin gwamnati ne ya zube da marasa lafiya a ciki, aka koma duba mutane a tanti ga uban sanyi. To ga abin da ba kowa ya sani ba, mutumin da gini ya danne wa ƙafa awa da awanni, ana ciro shi ana ta kabbara, alhali naman da ya dagargaje dafi yake saki cikin jini, kafin a ankara ƙoda ta tsaya, shi ya sa likita ke son a ɗaura masa ruwa tun ba a ɗaga bulon ba, in ba haka ba sai wankin ƙoda, injin kuwa ba ya tashi sai da wuta da ruwa mai tsafta, su kuma bala'in ya fara kwashewa.

Sai tantancewa, wato kasa waɗanda suka ji rauni da launi gwargwadon gaggawar da kowa ke buƙata. Ja, rawaya, kore, baƙi. Likita ya tsallake wanda bai ga alamar zai kai ba, ya tafi ga wanda ake sa rai, wallahi ba ƙaramin nauyi ba ne a zuciya.

Bayan an naɗe kyamarori kuma mutuwa ba ta naɗe tabarma. A Puerto Rico bayan guguwar Maria ta 2017 mutum 64 gwamnati ta fara cewa sun mutu, daga baya ta amince da 2,975, da yawa rashin wuta da magani ne ya tafi da su a watannin baya, mai ciwon suga insulin ya lalace ba firiji, mai injin numfashi injin ya mutu masa.

Ni dai inda nake ganin gizo ke saƙa shi ne shiri, kuma galibi ba a hannun likita yake ba. A guguwar Katrina ta 2005 wasu asibitocin birnin New Orleans na Amurka a ƙasan gini aka girke kayan wutarsu na ko-ta-kwana, ruwa ya cinye, ma'aikata suka koma matsa wa marasa lafiya jakar iska da hannu, wannan ya gaji wancan ya karɓa.