Darasi: Idan GDB Ya Ce Ba Zai Iya Karanta Adireshi Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Jos nake magana, in kun ji muryata na rawa, sanyin hunturu ne. Ku dubi allo. Shirin nan na yaren C ne, yana da zare biyu, wato sassan shirin da ke aiki a lokaci guda, da aka tayar da pthread_create. Da aka ba shi babban fayil, ya faɗi da SIGSEGV, wato ya taɓa wurin ƙwaƙwalwa da ba a ba shi izini ba. Na ce wa GDB, manhajar binciken kurakuran shiri, ya nuna min abin da ke adireshin da manunin buf ke riƙe da shi, sai ya ce "Cannot access memory at address", ya jero adireshi.

Kafin komai, ku sake haɗa shirin da -g -O0 -pthread. Da -O2 kompaila yana ɓatar da wasu canjajjun ƙima, wato variables, ku yi ta bin abin da babu shi.

Yanzu ku rubuta info threads. Kun ga tauraron nan a gefe? Shi ne zaren da kuke ciki. Kowane zare da nasa stak, wato wurin da yake ajiye kayan aikinsa, don haka in kuna cikin zare na 1 kuna tambayar kayan zare na 2, amsar banza za ku samu. Ku rubuta thread 2, sannan bt, mai nuna jerin kiran da ya kawo zaren inda yake. In kuna son ganin duka lokaci guda, thread apply all bt.

To, a nan nake so mu ɗan daɗe. Ku kwafi adireshin nan, ku rubuta info proc mappings, mai jero wuraren ƙwaƙwalwar da shirin ke da su, ku duba ko ya faɗa cikin ɗaya daga cikin layukan. Namu bai faɗa ba. Amma adireshin ba shirme ba ne, ɗazu-ɗazu yana aiki. Me ya faru? A glibc, laburaren C na Linux, in ka nemi wuri babba a ƙwaƙwalwa da malloc, daga kilobayit 128 zuwa sama a saitin farko, da mmap ake ɗauko shi. Da zarar an kira free, sai a mayar wa kanel, wato zuciyar Linux, da munmap, wurin ya ɓace gaba ɗaya. Kamar ka riƙe makulli ne ka je ka tarar an rushe gidan. Ƙaramin wuri kuwa yakan zauna cikin shirin bayan free, ana karanta shi lafiya lau. Shi ya sa da ƙaramin fayil komai ke tafiya daidai, da babban fayil shirin ya kife.

Zaren da ya faɗi sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Wanda ya saki wurin muke nema. Ku rubuta catch syscall munmap, ku sake run. Yauwa, ga shi ya tsaya. bt. Kun gani? Zare na 1 ne ya kira free alhali bai jira ɗan'uwansa da pthread_join ba.

In za ku bi shi layi-layi, ku sani duk sanda kuka danna next, sauran zaren ma tashi suke su ci gaba. Ku sa set scheduler-locking step. Akwai on ma, amma hattara: in zarenku na jiran mutex, wato makullin da zare ɗaya kaɗai ke riƙewa a lokaci guda, kuma wani zaren ya riƙe shi, haka za ku zauna har gobe.

Ni dai a ganina, kafin duk wannan wahalar, a haɗa da -fsanitize=address, zai faɗi layin da ya saki wurin da layin da ya taɓa shi. Na rigegeniya tsakanin zare kuma -fsanitize=thread. Ba sa haɗuwa a gini ɗaya, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Bari in matsar da free ɗin zuwa bayan pthread_join, mu sake gwadawa da babban fayil ɗin.