Tsofaffin Da Ke Bin Rana a Motar Tafi-da-Gidanka

Da zarar watan Oktoba ya kama, sanyi ya fara sauka a arewacin Turai, za ka ga manyan fararen motoci sun yi layi a tashoshin jirgin ruwa na Dover da Portsmouth a Ingila. Da yawa daga cikin masu su mata da miji ne da suka yi ritaya, kai ya yi furfura, 'ya'ya sun girma kowa ya kama gabansa. Kudu suka dosa, inda rana take: gaɓar tekun Alicante da Almeriya a Sifaniya, ko yankin Algarve na Fotugal. Masu kallo, bari mu leƙa cikin ɗaya daga cikin motocin nan, mu ga yadda mutum biyu ke zama a cikinta wata da watanni.

Tsawonta yakan kai mita 6 zuwa 7. A cikin wannan ɗan fili aka cusa gado, da murhun gas, da firij, da bayan gida haɗe da wurin wanka wanda da ƙyar mutum ke juyawa a ciki. Kujerar direba da ta kusa da ita ana juya su su fuskanci tebur, shi ke nan falo ya samu.

Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne komai na gidan nan da awo yake tafiya. A fara da nauyi. Lasisin tuƙin ƙaramar mota a Turai ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma ita motar kanta ta cinye mafi yawan wannan nauyi tun ba a sa mata ko cokali ba. 'Yan ɗaruruwan kilon da suka rage su ne na tufafi, da abinci, da tukunyar gas, da kekuna, har da mutanen. Lita 100 ta ruwa a tanki kilo 100 ce cif. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar sukan hau sikelin manyan motoci kafin su kama hanya, domin in 'yan sanda suka auna suka ga an zarce, akwai tara, kuma kamfanin inshora na iya kafa hujja da hakan ranar da aka yi hatsari.

In an isa zango, aiki ya fara. Ɗaya yana ja da baya, ɗaya yana tsaye a bayan mota yana nuni da hannu, kuma a nan ne ake gane auren da ya sha miya. Sai a ɗora tayoyi a kan matakan roba har motar ta daidaita, don irin firij ɗin da ke aiki da gas ba ya sanyi sosai in ya karkace. Sai a ja igiyar wuta zuwa sandar lantarki. Ƙarfin wutar da amfiya ake auna shi: wani zangon amfiya 16 yake bayarwa, wani 10, wani 6 kacal. Amfiya 6 ba ta kai wat 1,400 ba, wato butar dafa ruwa irin ta gida kaɗai ta isa ta katse wutar. Ga kuma tukunyar gas, wadda bakinta ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa: ta Ingila ba a musanya ta a Sifaniya. Ruwan wanke-wanke yana da tankinsa da wurin zubar da shi. Shi ma bayan gida ɗan akwati ne da ake zarowa ta gefen mota, a ja shi zuwa wurin da aka ware duk bayan kwana biyu ko uku. Ba aiki ne mai daɗi ba, amma babu mai tsallake shi.

A kan hanya ba lallai ne a shiga babban zango ba. Garuruwan Faransa da Jamus da yawa sun tanadi filin kwana na irin waɗannan motoci, da famfo da magudana, wani kyauta, wani a 'yan yuro kaɗan. Akwai ma tsarin France Passion, inda manoma ke barin mamban tsarin ya kwana ɗaya a gonarsu ba tare da ya biya su ba. Sai dai a Sifaniya doka ta raba ajiye mota da yada zango: kana iya barci a cikin motar da aka ajiye daidai, amma da ka fito da kujeru ko ka buɗe rumfa, ka shiga wata dokar. Fotugal ma ta tsaurara dokar kwana a fili a 2021, bayan motocin sun yi yawa a bakin tekunta.

To, da duk wannan wahala, me ke mayar da su kowace shekara? Araha na ciki, tunda zangon kan rage kuɗi sosai ga mai dogon zama a lokacin hunturu, kuma ba a ƙona kuɗin ɗumama gida. Amma a ganina, mutane ne. Tsoho a gidansa cikin hunturun arewa yana iya wuni bai yi magana da kowa ba sai matarsa. A zango kuwa, maƙwabcinka taku biyar ne daga ƙofarka. Bajamushe ne a dama, ɗan Holan a hagu, kuma galibi su ne dai na bara, a gurbin da suka saba. Ana haɗuwa a wurin wanke kwanuka, ana wasan jifan ƙwallon ƙarfe da yamma, ana aron sifana. In aka ga labulen wata mota bai ɗaga ba har hantsi, wani zai je ya ƙwanƙwasa. Ga mai shekara 70, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

'Yan Birtaniya kuma suna da wani awon da maƙwabtan nasu ba su da shi, wato na kwanaki. Tun 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar Turai, kwana 90 kawai suke da shi cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, kuma lissafin ya haɗa Faransa da Sifaniya da Fotugal a dunƙule. Wanda a da yake yin wata shida a bakin teku, yanzu da kalanda yake kwana. Wasu sun nemi bizar dogon zama. Wasu kuma sukan hau jirgin ruwa daga Aljesiras zuwa Tanja, su shiga Maroko, wadda ba ta cikin Shengen, su gangara wajen Agadir inda 'yan fanshon Faransa suka daɗe suna cin hunturu.

Sai batun shekaru. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya kafin 1997 yana da izinin jan mota har kilo 7,500, shi ya sa wasu tsofaffin ke da manyan motoci. Amma da ya cika shekara 70, lasisin kan koma na shekara uku-uku, kuma sai likita ya duba lafiyarsa da idonsa kafin a bar masa wancan izini. Katin lafiya na GHIC da Birtaniya ke bai wa mazaunanta yana ba shi damar ganin likita a asibitin gwamnati a ƙasashen Tarayyar Turai, amma ba ya biyan kuɗin mayar da marar lafiya gida, kuma ba ya aiki a Maroko. Dole a sayi inshorar tafiya daban, wadda ke ƙara tsada yayin da shekaru da cututtuka ke ƙaruwa. Akwai kuma tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a bar gida: in mai tuƙin ya kwanta ciwo a Almeriya, wa zai dawo da motar Ingila? Wasu matan saboda haka suke karɓar sitiyari a hanyoyin da ba cunkoso har hannu ya faɗa, wasu ma'auratan kuma sukan sayi inshorar da za ta turo direba.