Afonso na Kongo: sarkin da ya karɓi addinin Turawa, ya kai ƙarar fatakensu

 A gaɓar yamma ta Afirka ta Tsakiya ne kogin Kongo yake zuba cikin tekun Atlantika, kuma nan ne jiragen ruwan Fotugal suka iso a farkon shekarun 1480, ƙarƙashin jagorancin Diogo Cão. Hanyar Indiya suke nema, da zinariya, da kuma inda za su kafa addininsu na Kirista. Sai suka tarar da daula a tsaye, da sarkinta da hakimanta, ana cin kasuwa da kuɗin wuri. Fadar tana Mbanza Kongo, a arewacin Angola ta yau.

A 1491 aka yi wa Sarki Nzinga a Nkuwu baftisma, ya ɗauki sunan João. Shi dai daga baya ya yi sanyi da lamarin. Ɗansa Afonso kuwa ya riƙe addinin hannu bibbiyu. Da ya hau gadon sarauta, ya gina coci-coci, ya buɗe makarantu, ya tura 'ya'yan manya Lisbon, babban birnin Fotugal, karatu. Ɗansa na cikinsa, Henrique, ya kai ga zama bishop, wato babban limamin coci. A wasiƙu, Afonso da sarkin Fotugal "ɗan'uwa" suke ce wa juna.

To, ina gizo yake saƙar? A tsibirin São Tomé. Can Turawa suka kafa gonakin rake, rake kuma aiki ne mai cin mutane. Jiragen da ke sauke limaman coci su ne ke komawa maƙare da bayi.

A 1526 Afonso ya rubuta wa Sarki João na Uku na Fotugal. Ya shaida masa cewa fatake na sace 'yan ƙasa kullum, har da 'ya'yan hakimai da dangin sarki, ƙasa tana neman zama kufai. Ya ce abin da yake so a turo masa shi ne limamai da malaman makaranta, da masu magani.

Amma kada mu wanke shi tas. Afonso ma ya sayar da bayin da aka kamo a yaƙi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne a kama ɗa a sayar, shi ya sa ya naɗa masu binciken kowane bawa kafin a sa shi a jirgi. Matakin bai tsayar da cinikin ba.

Bayan rasuwarsa Fotugal ta kafa garin Luanda a kudu, ta fara ɗibar bayi ba tare da neman izinin Kongo ba. A 1665 rundunonin biyu suka gwabza a Mbwila, kowane ɓangare Kirista ne. Aka kashe Sarki António na Ɗaya na Kongo, aka kai kansa Luanda, daular ta faɗa yaƙin basasa na shekaru da dama.