Kafin a Fasa Titin Unguwa, Ku Tambayi Inda Ruwa Zai Bi

Da zarar an kafa allon sanarwa cewa za a gyara titin unguwa, kowa sai ya yi murna. Bayan 'yan makonni an tone rabin hanya, an jibge bututai a bakin shaguna, ƙura ta turnuƙe, kwalta kuwa babu labarinta. Mai shago na kukan ciniki ya tsaya amma kuɗin haya na nan yana jiransa. Magidanci na kukan mota ba ta isa ƙofar gida, in an yi rashin lafiya sai an ɗauko mutum a hannu. Kukan nan gaskiya ne, kuma bai kamata hukuma ta ɗauke shi ƙorafin banza ba.

To me ke cin lokacin? Kwaltar da kuke jira ita ce aikin ƙarshe, kuma ba ta ɗaukar dogon lokaci. Babban aikin yana ƙarƙashin ƙasa. Sai an kawar da bututun ruwan sha da wayoyin da aka binne, an gina magudanai da kwalbati, an zuba ƙasa an danne ta, an shimfiɗa tsakuwa an sake dannewa. In aka yi gaggawa a nan, ruwa zai shiga ƙarƙashin kwalta, ƙasa ta yi laushi, manyan motoci su ƙarasa sauran. Wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan jerin tayoyi guda ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Daga nan ne dokar kayyade lodi ta samo hujjarta, duk da cewa mai jiran a sauke masa kaya bai cika jin daɗinta ba.

Sai dai a ganina, abin da ya fi jinkiri haɗari shi ne tsayin titi. Sau da yawa ana ɗora sabon shimfiɗi a kan tsohon, sai titi ya tashi ya fi dokin ƙofar gidaje da shaguna. Ana kuma gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangara gefe. Idan magudanar gefen ta yi ƙanƙanta, ko ba a haɗa ta da babbar mafita ba, ruwan saman farko a cikin shago zai kwana. Ƙura da toshe hanya na wucewa in an gama aiki. Wannan matsalar kuwa tana dawowa duk damina, kuma gyara ta bayan an zuba kankare sai an sake fasa komai.

Akwai kuma ruwan ƙazanta. Wasu birane suna raba shi da ruwan sama, kowanne da bututunsa. Tsofaffin birane da yawa kuwa bututu ɗaya suke amfani da shi. Landan ma haka take. Bayan warin kogin Thames ya addabi birnin a 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai da suka taimaka wajen kawo ƙarshen annobar kwalara a can. Amma da jama'a suka ƙaru, duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi bututan kan cika su amayar da ƙazanta cikin kogi, har sai da aka haƙa sabon rami mai tsawon kilomita 25 domin tare ta.

Dokar da masu gidajen abinci ke kuka da ita a wasu birane, wato tilasta musu sa akwatin tare maiƙo, ita ma daga matsalar bututun ƙazanta ta taso. Man da aka zuba da zafi yana daskarewa a cikin bututu, ya haɗu da tsummokaran goge jiki ya zama kamar dutse. A 2017 an gano irin wannan dunƙule a unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa kusan tan 130, tsawonsa mita 250. Dokar tana da dalili. Inda masu kasuwanci suke da gaskiya shi ne idan aka sauko musu da ita ba sanarwa, ba wa'adin shiri, ko aka matsa wa ƙaramin mai sana'a aka kawar da kai daga babba.

Lokacin da maganarku ta fi tasiri shi ne kafin a amince da zanen aiki. Ku haɗa kai ku nemi a nuna muku zanen, a auna muku tsayin sabon titi da na ƙofofinku, a faɗa muku inda magudanar za ta zubar da ruwanta. Ku nemi a yi aikin kashi-kashi, a bar wa kowane shago hanyar shiga, a kuma rubuta hakan cikin yarjejeniyar ɗan kwangila. Ku tambaya ko hukumar ruwa da kamfanonin waya sun gama nasu tonon, domin titin da aka yanka aka yi masa faci, daga bakin facin nan ruwa ke fara shigarsa.